Gidan da Ba Ya Ƙamshi

A gyara zama, a rage rediyo, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ga Sarkin Tsumma nan tafe, Kwamandan Tururi, mutumin da ƙura ke jin takunsa ta nemi hanyar taga. A unguwa dai Direba ake ce masa, don a kan sitiyarin babbar mota ya ƙarar da ƙuruciyarsa, har bayansa ya ɗauki siffar kujera. Yanzu ya ajiye tuƙi ya koma goge-goge a ciki da falo, can saman wani tsohon bene.

Ba sha'awa ce ta kai shi ba. Matarsa ce, wadda yake kira Uwar Yara, asma ta kama ta bayan shekarun da ta yi tana ɗinki cikin ƙurar yadi. Turare, hayaƙi, maganin sauro, ruwan wanke banɗaki, duk wanda ya shiga hancinta sai ƙirjinta ya fara kuka kamar tsohuwar ƙofa. A bar ƙura ta shaƙe, a wanke da magani ta shaƙe. Sai Direba ya shiga kasuwar gwanjo ya fito da wani inji mai kama da butar da aka ɗaura wa wutsiya. A zuba masa ruwa zalla, a jona wuta, ya huro tururi mai zafi, maiƙo da datti su saki, a bi da tsumma.

Tsummokin ma ba na banza ba ne. Daga tsofaffin singiletinsa da tawul yake yanko su, ita kuma ta kalmashe bakin kowanne da zare: ja na banɗaki, kore na kicin, fari na gilashi. In ya gama aiki ya tafasa su, ya jera a igiyar baranda. Mazan da ke zaman benci a ƙasa suka sa musu suna tutocin Direba.

"Direba, yau ma an ɗaga tuta? Wace ƙasa aka ci da yaƙi?"

"Kicin," in ji shi, ya wuce.

Waɗannan fa mutane ne da ba su san inda tsintsiyar gidansu take kwana ba. Akwai wanda in ya cire safa a falo ƙadangaru ke yin ƙaura, amma shi ne mai bakin yi wa wani dariya. Su dai ba su ga abin da Direba ke gani ba: tun zuwan injin nan Uwar Yara take barci a miƙe kamar kowa, ba a jingine da bango tana farautar numfashi ba. Maganin shaƙarta ya koma cikin durowa ya yi zamansa.

Ana haka sai ga Yaya, babbar yayarsa, ta zo kwana biyu. Tun daga bakin ƙofa ta buɗa hanci hagu da dama.

"Wannan gida an share shi kuwa?"

"Taɓa ƙasan ki ji, Yaya."

"Ni da hanci nake sanin tsafta, ba da yatsa ba. Gida ba ƙamshin komai, sai ka ce cikin kwalba."

Ya yi mata bayani, ya nuna mata maganin shaƙar, ya ce ko turaren jikinta ta taimaka ta bar shi a jaka. Ta ce ta ji. Irin "na ji" ɗin manya, wadda ke shiga ta kunnen dama ta tarar da na hagu a buɗe. A wurin Yaya asma shagwaɓa ce, ƙanenta kuwa an mayar da shi boyi, kuma tunda har ya zama boyin, gara ya yi aikin da baƙo zai shigo ya san an yi.

Washegari Direba ya fita cefane. Yaya ta aika aka sayo mata ruwan goge ƙasa, mai ƙamshin lemo, wanda murfi ɗaya ake ɗiga wa bokiti guda. Ta buɗe tankin injin ta tuttula rabin gora. Ta jona wuta. Ta bi labule, ta bi kujeru, ta bi katifa da matasai, tana yi tana yaba wa kanta. Abin da aka yi don a tsarma shi da ruwan sanyi, ita ta dafa shi ta hura shi cikin kowane zare na gidan.

Uwar Yara tana banɗaki ta fito ta yi karo da tururin. Ko kiran suna ba ta samu ta yi ba. Direba ya dawo ya tarar da ita durƙushe a matakala, leɓɓanta sun canza launi, Yaya na yi mata fifita da ɗankwali mai turare tana cewa ta daure. Ya watsar da cefanen, ya saɓe ta a wannan lanƙwasasshen bayan, ya sauka da ita. 'Yan benci suka miƙe, aka rasa mai zancen tuta.

Asibiti suka riƙe ta. Numfashi ya dawo, amma likita ya ce kada ta taka gidan sai warin ya fita tas. Ita kuwa ba abin da take roƙo sai a mai da ita ɗakinta, don gadon asibiti ba ya karɓar ta. Yaya ta haɗa jakarta tana cewa daga taimako sai a mai da mutum mugu, kuma ko ba komai yanzu gidan ya yi ƙamshin gidan mutane.

Direba ya naɗe hannun riga. Ya kwance labulaye, ya fitar da katifa rana, ya yi ta ɗauraye tankin yana hura tururin ta taga, yana bin kujeru da ruwa zalla, tsumma na jiƙewa yana canza wani.

A haka ƙanensa ya same shi, wanda ake kira Lauya don bakinsa ba ya hutu, ko da yake gyaran fanka ne sana'arsa. Ya tsaya tsakiyar falo ya riƙe ƙugu.

"Yaya Direba, wallahi shirun nan naka ya ishe ni. Mace ta kusa kashe maka mata, ta lalata maka inji, ta tafi tana neman a gode mata? Ka ba ni izini kawai. Yau zan tara dangi kaf, manya da yara, in tsaya a gabanta in karanta mata laifinta ɗaya bayan ɗaya. Daga nan in sauko kan 'yan bencin nan in faɗa musu cewa duk layin nan babu namiji irinka. Mutum kamarka allo ya kamata a kafa masa a bakin titi, da hotonsa, da injinsa a hannu."

Direba ya matse tsumma a bokiti, ya miƙo masa matashin Uwar Yara.

"Ni hancina ya saba, ba na ji. Shinshina nan ka gaya min ko za ta iya dawowa gobe."