Nababa da Jujin Zariya

A gonar Nababa, ta kusurwar gabas inda gawo yake, akwai wani ɗan wuri da bai fi tsakar ɗaki faɗi ba. Har yau Zariya mutanen ƙauyenmu suke kiransa. Za ka ji an ce wa yaro ya ɗaure akuya a Zariya, ya ɗauki igiya ya nufi gawon nan. Yawancinsu ba su san mafarin sunan ba. Ni na sani, don tare muka yi tafiyar.

Nababa taubashina ne, ɗan ƙanwar babana. Ƙauyenmu yana kan hanyar Minjibir idan ka baro Kano, inda gona take manne da gona, babu daji babu saura. Ƙasarmu ba ta hutawa, saboda haka sai an ciyar da ita kafin ta ciyar da mu. Sana'ar Nababa ke nan tun tasowarsa. Da rani yakan ɗora wa jakunansa itace da kara ya kai birni, ya dawo da mangaloli cike da taki, wato toka da kashin awaki da sharar gida da ta ruɓe a juji. A birni sun san darajar abin. Ba a ba ka shi kyauta, kuma kowane juji da mai kwasarsa, ba ka taɓa na wani.

Ta haka ya san Kano, ta bayan gida. Ka tambaye shi ƙofar gidan wani attajiri, ba zai iya kwatanta maka ba. Amma zai faɗa maka gidan da suke kiwon tumaki da gidan da matansu suke zubar da fasasshen kwano a shara. Kullum idonsa yana ƙasa, ko a kan ƙafar jaki ko a kan juji. Nakan tsokane shi in ce ranar da ya ɗaga kai a birni sai hularsa ta faɗi don mamaki.

Sai shekarun fari suka zo. Shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira, gero ya fito ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Rumbuna suka ƙare tun kafin sanyi ya wuce. Jakin Nababa ɗaya ya kwanta bai tashi ba, sauran ya kai su kasuwar Ɗanbatta ya dawo da igiya a hannu da ɗan hatsin da bai daɗe ba.

Gonar ta gado ce, shi da wansa Mati. Mati ya daɗe da komawa birni, kuma akwai wani Alhaji da yake bin ƙauyuka yana sayen gonaki a lokacin. Mati ya zo ya zaunar da ƙaninsa a gaban dattawa. Ba da faɗa ba, shi ma yara gare shi. Aka tsaya a kan cewa idan damina ta faɗi Nababa bai shuka gonar ba, za a sayar a raba. Nababa ya ce ya ji. Da muka fito ya ce mini, "Ba jaki, da me zan kawo mata abinci? Ƙasar nan ta zama rairayi, Sama'ilu. In na shuka ma wahalar da iri zan yi."

Ni a lokacin na shirya tafiya Ikko neman dako, akwai ɗan garinmu a can. Ya ce zai bi ni. Mu duka mun san abin da hakan yake nufi. Bazara ta riga ta kama, wanda ya tafi Ikko a wannan lokaci ba zai ga shuka ba.

Matarsa Safara'u ta sayar da tasoshinta na aure ta yi masa guzuri, garin rogo da ƙuli-ƙuli, ta zuba a wani tsohon buhun gishiri ta ɗaure bakin. Ba ta ce masa ya tafi ba, ba ta ce kada ya tafi ba.

Mun shiga jirgin ƙasa a Kano da safe. Nababa bai taɓa shiga ba. Duk hanya yana leƙen gonakin mutane ta taga. Kafin azahar muka isa Zariya, sai aka ce akwai gyara a kan hanya ta gaba, jirgi ba zai tashi ba sai wajen magariba. Mutane suka sauko suka shimfiɗa zannuwa a inuwar taragai. Ni ma na gyara zan kwanta, sai ya taɓa ni da ƙafa.

"Tashi mu ga gari."

"Da wane ƙarfin? Kai da ko Kano ba ka gani ba, Zariya za ka gani?"

"Kano aiki nake zuwa. Yau ba ni da aiki. Tashi, malalaci, kwanciya tana jiranka a Ikko, a ƙarƙashin gada."

Ya rataya buhun guzurinsa muka fita. Daga tasha zuwa tsohon birni da ɗan nisa. Muka ratsa Sabon Gari, muka haye gada, muka bi ta Tudun Wada muna tambaya, har aka nuna mana Ƙofar Doka. Abin da na fara lura da shi hannuwansa ne. Bai san inda zai ajiye su ba. Ya sa su a baya, ya dawo da su gaba, ya riƙe igiyar buhu. Da wani mai keke ya tare mana hanya sai na ji ya yi 'yar ƙarar bakin nan da ake kora jaki da ita. Mai keken ya waiwayo ya harare shi. Na ce, "Malam yi haƙuri, dabbobinsa yake nema."

Da muka shige ganuwa sai ya ɗaga kai. Rimaye ne manya-manya a tsakiyar gari, ban taɓa ganin irinsu a taru haka ba. Ya tsaya a gindin wani yana bin sa da ido har sai da ya dafe hularsa. Na ce ai na faɗa. Bai kula ni ba. Muka bi lunguna, yana kallon zankayen soraye da zanen da aka yi a fuskar gidaje. A wani gidan har keke aka zana a bango da laka, da ƙafafunsa da komai. Ya je ya shafa shi da tafin hannu. Muka wuce wasu zaurukan da maɗinka suke zaune a jere, kowa da babbar riga a cinya yana aikin allura, ba mai magana. Muka tsaya a wata marina, ya leƙa rijiyoyin baba, wani marini ya nuna masa hannunsa da ya rine har gwiwar hannu, suka yi dariya tare kamar sun san juna.

"Ashe haka gidaje suke ta gaba," ya ce. "Na Kano ma haka suke?"

"Sun fi haka."

Can ya ce, "Ka ga, duk shekarun nan."

Wani ya ce mana kada mu bar garin ba mu ga babban masallaci ba, wai ginin ciki abin kallo ne, bakan gizo na ƙasa da magina na da suka ɗaga. Ya kwatanta mana hanya. Mun kama ta ke nan, sai Nababa ya ja ya tsaya ya buɗe hanci. Ya juya ya shiga wani lungu. Na bi shi.

A bayan wani babban gida, kusa da ganuwa, juji ne ya fi tsayin mutum. Baƙi wuluk, ya daɗe har ya kwanta ya zama tudu. Ta gefen da ruwan wanke-wanke yake fitowa daga gidan, kabewa ta yaɗo a kansa, ganyenta kore shar a cikin wannan bazara. Nababa ya durƙusa ya tura hannu har wuyan hannu, ya ciro ya murza ya sansana.

Ya zagaya ƙofar gidan ya yi sallama. Wani dattijo ya fito da carbi, aka ce mana Malam Uwaisu sunansa. Bayan gaisuwa Nababa ya bi ƙa'idar sana'a yadda ya saba.

"Allah gafarta Malam, jujin nan na baya, wa yake kwasarsa? Kada in shiga hakkin wani."

"Kwasa? Ba mai kwasa. Tun ina yaro yake nan."

Sai Nababa ya ɓata fuska, ya fara kushe kaya kamar yadda ake yi kafin ciniki. "To, ba laifi dai. Toka ta ɗan yi masa yawa, kuma na ga tsakuwa. Amma in za a sassauta mini, sai mu yi magana."

Dattijon ya dube ni, ya dube shi. "Ɗana, sharar kake tayawa?"

"Takin, Malam."

"'Ya'yan gidan nan duk sun bar noma, wasu malanta, wasu ofis. Ni kuwa abin nan macizai yake tara mini. Ka kwashe shi duka yau, ni zan yi maka godiya, har fura zan sa a dama maka."

Nababa ya ɗauka gatse ne, ya yi dariya. Da ya ga dattijon da gaske yake, sai dariyar ta ɗauke. Ya koma bayan gidan ya tsaya yana kallon tudun nan, na san lissafin mangala yake yi, na kuma san ba shi da ko jaki ɗaya, kuma tsakaninsa da gonarsa tafiyar kwanaki ce a ƙafa.

Ya kwance buhunsa ya ce in ware rigata. Ya juye mini garin da ƙuli-ƙulin duka. Malam Uwaisu ya ara masa fartanya, ya tona ta ƙasa inda ya fi ruɓewa, ya cika buhun ya danna ya ƙara. Aka kawo furar kuwa, muka sha. Kafin mu gama an kira la'asar, muka yi salla a ƙofar gidan. Masallacin da za mu gani sai muka ce wani jiƙon, don kada jirgi ya bar mu.

A tasha ya tare wani ma'aikacin jirgi ya tambaye shi ko ana ɗaukar taki a tarago zuwa Kano. Mutumin ya ce, "Shanu muke ɗauka da gyaɗa, Malam. Gyaɗar ma bana babu." Ya wuce yana girgiza kai.

Da aka busa usur na miƙe, shi bai miƙe ba.

"Buhun gishiri guda, Nababa. Me zai yi wa gona?"

"Ba zai yi mata komai ba. Amma ba zan kai shi Ikko ba, kuma ba zan zubar ba. In na sa shi a ƙasa dole in sa iri a kansa. In na sa iri na shuka ke nan, Yaya Mati ba shi da ta cewa."

"Ku ci me kafin kaka?"

"Abin da ake ci. Kai dai ka ci ƙulin nan a hankali, tasoshin Safara'u ne."

Jirgi ya ja, ina kallonsa ta taga yana zaune a kan buhun.

Sauran labarin daga baya na ji. Wata motar kaya ce ta kawo shi Kano, a kan ya taya su lodi. Da ya shigo gari aka sha dariya, aka ce Nababa ya je Ikko ya dawo da tsarabar shara. Safara'u ta buɗe buhun ta duba, ta ɗaure, ta ajiye shi a ɗaka kusa da tukunyar iri. Kafin ruwa ya sauka ya yi binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa, ya zuba ɗan tafin hannu a kowane rami a kusurwar gawo har buhun ya ƙare. Sauran gonar ya bi gidajen da awakinsu suka rage yana share musu turke, yana ɗauka a ka. Sun sha wuya a wannan damina, har ganyen tafasa sun ci ba gauraye. Amma ruwa ya ɗan kyautata, kuma geron kusurwar nan ya fi na ko'ina tsayi, ana hango shi daga hanya. Mati ya zo ya gani, ya koma birni bai ƙara tayar da maganar ba.

Ni na daɗe a Ikko fiye da yadda na yi niyya. Duk lokacin da na zo gida, bayan gaisuwa tambayarsa ɗaya ce, ko na sauka a Zariya. In ce jirgi ba ya daɗewa. Ya ce to, in ya samu sarari za mu koma tare, a fara da masallacin, sannan a gaida Malam Uwaisu. Ya sake yin jakuna, ya aurar da 'ya'ya, takin zamani ya zo, jirgin ma ya daina zuwa yadda ya saba. Sararin bai samu ba, don da rani kwasar taki, da damina noma. An ce dai tun daga shekarar tafiyar nan tamu, in ya shiga Kano yakan tsayar da jakuna a ƙofar wani gida ya yi ta kallon bango har masu gida su tambaye shi lafiya.

A ciwonsa na ƙarshe na je na zauna kusa da shi. Na ɗauka barci yake. Sai ya ce, "Sama'ilu, rabin garin muka gani."

Na ce, "Laifin hancinka ne."

Ya yi murmushi. "Ko kabewar nan ta yi 'ya'ya?"

Na ce ai da wuya ba ta yi ba.

Gonar tana hannun ɗansa Ɗanliti yanzu. Idan ya kawo taki, Zariya yake fara zuba wa kafin ko'ina, haka ya ga babansa yana yi. Ni kuwa har yau ban ga cikin masallacin ba. An sha yi mini tayin a kai ni a mota, nakan ce sai na ɗan ji ƙarfi.