Kawu Isuhu Kontra da Rikicin 'Yan Kokawa

Ku da kuka zauna da Kawu Isuhu, ƙanen mahaifiyata, kun san ba ya amsa gaisuwar safe sai da labarin kokawa. Kana cewa "Ina kwana, Kawu?" sai ya ɗago daga ƙarƙashin moto, hannu duk baƙin mai, ya ce, "Wane kwana? An saye mana wani." Shi ya sa duk unguwar Zariya ta nan Maradi ake ce mishi Kontra, wato kwantiragi, don bakinsa kullum kan wane ɗan kokawa ya sa hannu da wa.

Alhazai biyu ke shirya kokawa lokacin: Alhaji Nahantsi a nan Maradi, da Alhaji Dodo na Tsibiri. Kawu na Nahantsi ne, jini da tsoka, ko da yake ko ruwa bai taɓa sha a gidansa ba.

Wata rana wani ɗan kabu-kabu ya turo moto taya ta sace. Kawu ya riga ya kwance tayar, sai bawan Allah ya yi subul da baka ya ce kokawar Tsibiri ta fi cika. Kawu ya tashi ya miƙa mishi tayar a hannu.

"Baba, mi na yi?"

"Kai ta Tsibiri. Tunda Alhajinku komi saye yake, ya saya maka iska."

Ga zargi. Ya hangi wani ɗan kokawarmu yana shan fura da direban Dodo, kafin azahar ya baza wa gari cewa an gama, har da shekarun da aka sa hannu. Na ce, "Kawu, surukinsa ne fa. Ƙanwar direban yake aure." Ya harare ni ya ce, "To da kai a tunaninka ta ina ake farawa?"

Amma wanda ya ƙona mishi rai shi ne Guduma, ɗan Jiratawa. Tun ba a san shi ba Kawu ke ɗaukarsa a moto zuwa fili, ya saya mishi kilishi, ya yi faɗa da alƙalan wasa saboda shi. Sai ga labari a rediyo, Guduma ya koma wajen Dodo. Wannan karon ba zargi ba ne. Kawu ya rufe gareji, ya ce in hau baya. Muka iske Guduma a fadama yana ban ruwan zogale.

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba. Iyali gare ni. Na karye a hannu bara, Nahantsi ko waya bai buga ba."

Kawu ya tuɓe riga, ga haƙarƙari ana ƙirgawa, ya ce su kama. Guduma ya ba shi haƙuri har ya gaji. Da Kawu ya cakumo mishi ƙafa, sai ya ɗauke shi cak ya zaunar da shi kan moto. Sai da muka shigo gari Kawu ya ce, "Ka dai shaida bayana bai taɓa ƙasa ba."

Daga ranar ya hana a ambaci sunan a garejinsa.

Abin da har yau ke ci mini rai ke nan. Da ciwo ya kwantar da Kawu, na taka da ƙafata gidan Nahantsi na ce Isuhu, mai kare sunanka a gari, yana asibiti. Ya dube ni ya ce, "Wane Isuhu?" Mutumin da ya kori masu kawo mishi aiki, ya ɓata da abokai, saboda kai! Bai zo dubiya ba, da Kawu ya rasu ma bai zo gaisuwa ba, bai aiko ba.

Guduma ne ya zo dubiya asibiti, da kwanon zogale. Kawu ya juya fuska bango. Can, bai waiwayo ba, ya ce, "Shekara nawa ka sa hannu?"

"Ukku, Baba."

"Sakarai. Ɗaya ake sawa, su riƙa binka suna roƙo." Sannan ya ce, "Hannun ya warke?"

Guduma ya duƙar da kai yana share ido.

Allah Ya gafarta wa Kawu Isuhu. Ya yi faɗa da kowa, amma bai taɓa cutar kowa ba. Allah Ya sanyaya makwancinsa, Ya sada shi da rahamarSa.