Mai Tambaya a Ƙofar Gidan Kallon Ƙwallo

A ƙofar gidan kallon ƙwallo na bayan tashar Goronyo take tsaye, da hijabi ruwan ƙasa da kambas ɗin da ya sha tafiya. Mata ba sa shiga nan, don haka ta tsaya daidai bakin labule, waya a hannu.

"Malama, maigidan naki kinka zo biɗa?" in ji mai gidan kallon. "Faɗi sunanai in kira shi."

"Ba ni da kowa ciki, Baba. Aikin jarida nike karantawa. Bincike nike kan abin da ke hana a sa wasan ƙwallon mata a gidajen kallo. In ba ku amsa min ba, ba ni gama karatu bana."

Wani ya leƙo yana dariya. "Wasan mata? Mi za a kalla?"

Ba ta ɓata rai ba, ta ma miƙa wayar kusa da bakinsa. Ni kuwa da ke gefe ina kallonta, ina zargin ba digiri kaɗai ke tsayar da ita cikin ranar nan ba.

Sai ƙwallon wasu samari da ke wasa a filin gefe ya kuɓuce, ya nufo ta. Ƙafar hagu ta fito daga ƙarƙashin hijabi, ta danne shi cak, ta mayar musu da gefen kambas. Wannan ƙafar ta taɓa sanin fili. Ko wa ya raba su?

Ta sake ɗaga wayar wajen mai dariyar.

"Ina jin ka, Yaya. Ka ce mi za a kalla?"