Ragon da Kawu Bai Sata Ba

Kawuna, ƙanen innata, manomin gero ne a Tozai. Mutum ne da ko allura ya tsinta sai ya zagaye gari yana cigiya. Shi ya sa ranar da aka ce an kama shi da ragon sata a kasuwar Isa, dariya inna ta fara yi kafin kuka ya zo mata.

Amma ba ƙarya aka yi ba. An same shi zaune gindin darbejiya, riƙe da igiyar ragon wani ɗan kasuwa mutumin Nijar, yana tanɗar baki. Da aka tambaye shi sai ya ce, "Ragon wa?"

Mu a gida mun san abin. Tun da ya faɗo daga bayan motar kaya, wani lokaci sai idonsa ya kafe, ya ɗauki abin da ke kusa da shi ya kama hanya. Mun sha karɓar buta da tsintsiya a hannunsa, muna cewa iska ne. Rago ne dai bai taɓa ɗauka ba.

Lokacin ina koyarwa a firamare. Da aka ba da belinsa na ce da inna, "Za ni kai shi Sakkwato wurin likitar ƙwaƙwalwa." Can aka lilliƙa masa wayoyi a ka. Ya dubi likita ya ce, "Hajiya, in kin hango inda na aje laujena bara, ki gaya mini." Bayan ta gama dariya ta ce farfaɗiya ce, irin wadda ba ta kayar da mutum, tabon faɗuwar nan ne ya jawo ta. Ta kuma yarda ta zo kotu.

Ranar shari'a ta shimfiɗa wa alƙali takarda mai zane kamar sawun kaji, tana nuna inda ciwon yake. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya miƙe. "Ranka ya daɗe, in takarda na wanke ɓarawo, gobe kowane ɓarawo da tasa zai zo."

Bai rufe baki ba kawu ya fara tanɗa. Ya tashi, ya ɗauki hular ɗan sandan daga kan tebur, ya nufi ƙofa.

"Kada kowa ya taɓa shi!" in ji likita, idonta na kan agogo. Ta roƙi alƙali ya kira shi. Sau uku yana kira, kawu ko waiwaye. A bakin ƙofa ya dawo hayyacinsa, ya dubi hular ya ce, "Subhanallahi! Wa ya ɗauke ni aikin ɗan sanda?"

Kotu ta ɓarke da dariya. Alƙali ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Ni kam sai da na riƙe benci. Da aka natsu ya ce shari'a ba ta kama mutum da abin da ya yi hankalinsa ba ya tare da shi. Ya sallame shi, da sharaɗin ya riƙe shan magani.

Mai ragon ya rungume kawu yana cewa, "Baba, ka yafe ni, wallahi ban sani ba." Ɗan sandan ma ya karɓi hularsa yana murmushi.

Daga Isa har Tozai inna guɗa take yi a bayan mota, fasinjojin da ba su san mu ba suna taya ta. Muryarta ta dishe, kwana uku da hannu take kiranmu cin tuwo.