Kwanon da Aka Ce Iska Ba Ta Taɓa Ba

A shekarun da ake gina dam ɗin Bakolori, babu abin da mutanenmu suka tsana kamar baƙo mai riƙe da igiyar awo. Haka aka fara wa ƙauyenmu na wajen Maradun. Wasu suka zo da fara'a, suka auna gonaki, suka tambayi mai kowane gida, daga baya ruwa ya zo ya kwanta a kan komai. Muka tattara muka dawo Talata Mafara, ni da maigidana da mahaifiyarsa da nake kira Inna, muka sauka a bakin gari cikin waɗanda suka taso irin tasowarmu. A unguwar nan ko hanyar masallaci baƙo ya tambaya, sai an fara duba abin da ke hannunsa.

Maigidana walda yake yi a wurin aikin dam. Can yake kwana, sai Alhamis da yamma ya dawo. Da ya ɗan samu, ya rufa mana ɗaki da falo da kwano. Ba zan ɓoye ba, na yi taƙama da kwanon nan. Nakan ƙirƙiri shanya a tsakar gida don kawai in ga yana walƙiya. Inna kuwa ta ce a bar ta a ɗakinta na ƙasa, ba za ta kwana a inda yayyafi ke hana mutum jin kiran salla ba.

Wata Alhamis ya dawo ya ce ya sa rufin a inshora. Wai kana ba wani kamfani ɗan abu duk wata, ran da iska ta kwashe maka kwano su saya maka sabo.

"Wa ag gaya musu iska za ta zo?" in ji Inna.

"Ba wanda ya gaya musu, Inna. Tanadi na."

"Mutum ba shi san ka ba, ba ka san shi ba, shi ce za shi yi maka ruhi? Akwai abin da shika biɗa."

Ni ma a raina na fi karkata wajen Inna. Shi kansa bai saki jiki da su ba, don kafin damina ya ɗauko tsofaffin tayoyin motocin aiki ya jera a saman kwanon, ya ƙara da duwatsu, ya ɗaure kusurwoyi da waya har ƙasa.

Duk da haka iskar farkon damina ta zo mana wata rana bayan la'asar. Gabas ta yi ja, kaji suka shige akurki, na rungumi jaririyata na faɗa ɗakin Inna. Muna ji wayoyin suna tsinkewa. Da abin ya lafa na leƙa, sai ga sama a tsakiyar ɗakina, gadona ya jiƙe sharkaf, taya ɗaya tana cikin turken awakin maƙwabta. Na zauna a bakin ƙofa na yi kuka mai isata.

Gari na wayewa maza suka cika gidan. A wurinmu ba a barin mace mai goyo ba rufi alhali mijinta ba ya nan, kuma ba a jiran a roƙe ka. Suka bi gonakin albasa suna tsinto fallayen kwano, suka bubbuga su da taɓarya suka miƙe, suka mayar suka kafe da tsofaffin ƙusoshi, suka toshe ramuka da tsumma da kwalta, suka sake jera tayoyin. Kafin azahar an gama. Daga ƙasa in ka duba sai ka rantse ba abin da ya faru. Daga ciki kuwa rana tana shigowa ta ƙananan huji ko'ina.

Da maigidana ya dawo ya ga aikin, sai ya dafe kai. Ashe sharaɗin mutanen inshorar shi ne kada a taɓa komai sai sun zo sun gani da idonsu. To wa zai ce wa maƙwabta me ya sa kuka taimake ni? Ya ce ba komai, ai unguwa kaf shaida ce. Ya kai rahoto, ya koma bakin aiki, ya bar mini saƙo: in mutumin kamfanin ya zo, a nuna masa komai. Ni kaɗai ya gaya wa, nan ne gizo ya yi saƙa.

Mutumin ya zo da hantsi a kan babur, wani siriri mai tabarau, da na'urar ɗaukar hoto a wuya da igiyar awo a hannu. Kafin ya kashe babur labari ya gama unguwa. Ina bayan ƙofar zaure ina jin su, mai unguwa da dattawa, waɗanda da hannunsu suka hau rufin nan. An yi gaisuwa doguwa, an tambayi gida da aiki da gajiya, kowa na kallon igiyar.

"Nan ne gidan da iska ta kwashe wa rufi?" ya tambaya.

"Iska?" in ji mai unguwa. "Wace iska? Mu dai nan lahiya lau muke."

"An ce mini ta yi ɓarna a unguwar nan."

"Halama Bakura aka nuhi. Nan ko kara ba ta kayar ba."

Sauran suka amsa, ƙwarai kuwa. Na san abin da ke ransu. In aka rubuta gida ya lalace, gobe a ce bai cancanci zama ba, jibi a ce a tashi. Sun taɓa gani. Inna ta ja mayafinta ta wuce ni ta tsaya a bakin zaure.

"Yaro, ni ce uwar mai gidanga. Ruhinmu lahiya lau shike tun da anka yi shi. Koma ka gaya ma wanda ya aiko ka."

Ban taɓa yi wa baƙon namiji magana daga zaure ba, ban kuma taɓa musa wa Inna a gaban kowa ba. Amma na tuna damina ko rabi ba ta yi ba, ga jaririya. Na ɗaga murya.

"Malam, iska ta kwashe shi dut. Mutanen ga su sunka maida shi. Shigo ka gani daga ciki."

Na ji mai unguwa ya yi gyaran murya.

"Yarinya ta, ba ta daɗe da haihuwa ba," ya ce a hankali.

Mutumin ya nemi shiga, dattawa suka ce ba a shiga gidan aure mai gida ba ya nan. Ya ja da baya ya ɗauki hoton rufin daga waje, tayoyi a jere, komai tsaf. Ta kafar ƙofa na ga irin kallon da ya yi wa zauren. Kallon wanda ya kama mata da miji sun shirya ƙarya ne. Ya tada babur ya tafi. Yara suka raka shi da sowa.

Kamfanin ya ce wa maigidana wakilinsu ya ga rufi lafiya, mahaifiyarsa ma ta shaida, kuma ya yi hattara da irin wannan. Da ya dawo sai da ya bi gida gida yana godiya, don kowa na jiran a yaba masa korar mai awo. Ni kuwa matan unguwa suka rage shigowa ɗaukar wuta. Inna ta daina kirana ɗiyata, sai "ke". Wannan ya fi mini ciwo fiye da kwanon.

Ruwa na gaba mai ƙarfi da rana ya sauko. Na jera duk wata roba da tasa da nake da ita, na ja gado nan, na ja can, ba inda ba ya ɗiga. Ina tsaye da jaririya a kafaɗa ina neman busasshen wuri sai ga Inna ta shigo, ta rufa buhu a ka. Ta ɗaga ido ta daɗe tana kallon rufin. Na zaci yau za ta ce na yi gaskiya. Ta karɓi yarinyar ta sa cikin mayafinta, ta juya za ta kai ta ɗakinta. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Yoyo dai shika yi, ɗiyata," ta ce. "Amma har yau namu na."