Kitsen da Ke Cikin Muƙamuƙin Yaya Bawa

Shekara talatin da ɗaya ke nan da muka binne yayana Bawa, manomin albasa a fadamar Danchadi. Ba ciwon da zan ba da labarinsa ne ya kashe shi ba. Na faɗa tun yanzu, domin mu a lokacin ba wanda ya yi mana wannan alheri.

A shekarar mulkin kai muƙamuƙinsa na hagu ya fara tasowa, ba zafi. Abokai suna masa tsiyar ya ɓoye goro a kunci. Da haƙora suka fara girgiza, muka kai shi wurin wani tsohon wanzami a Shagari. Ya latsa, ya mayar da askarsa zabira. "Wanga cikin ƙashi yake. In ciwon daji ne, ƙarfe bai taɓa shi."

Kowa ya yarda daji in ya ji ƙarfe bazuwa yake. Ni kuwa sabon malamin firamare ne a Bodinga, kuma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na kai shi asibiti a Sakkwato, na ce wa Inna magani kawai za mu karɓo. Likita ya ce sai an buɗe ƙashin. Yaya bai yi boko ba, ni na sa hannu.

"Kai ka ba su shi sunka yanka?" in ji Inna. "In Bawa ya tafi, kada ka ƙara ce mini uwa."

Sati shida muna jiran sakamakon abin da aka ciro. Kullum safe ina durƙusawa, tana juya fuska bango. Shi kuma yana kwance, haɓa a naɗe, ko wane tari ya yi sai gida ya yi tsit.

Da sakamako ya zo, ashe kitse ne. Tsiro mara bazuwa, wanda likitan ya ce a muƙamuƙi bai taɓa gani ba sai a littafi. Mutumin da ake ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa, ashe cikin ƙashi ya adana rabonsa.

Da zai leƙo yau, hanyar Sakkwato za ta ba shi mamaki. Masu ɓoye kumburi don tsoron ƙarfe kuwa, sai ya gaishe su kamar tsofaffin maƙwabta.

Gonarsa an raba, an sayar. Abin da ya rage mini maganarsa ce ta farko bayan aiki, tun ba a san ko zai tashi ba. Ya kira Inna, da karkataccen baki ya ce, "Ni nic ce a yanka. Ƙanena alƙalami kawai yar riƙe."

Ba haka aka yi ba. A ƙofar ɗakin tiyata roƙona yake mu gudu. Allah Ya yafe masa wannan ƙarya, Ya kai haske kabarinsa.