Randar da Ta Ƙi Yin Gumi

Shekarar da randunana suka daina sanyaya ruwa, mutanen garinmu Mai Wurno suka koma saye a birnin Sennar. Laifina ne. Na daina cuɗa ƙaiƙayi a yumɓu don randa ta fito sumul, na kuma ƙi yarda cewa nan ɓarnar take.

Ɗiyata ta zo hutu daga jami'a. Ina aiki tana ba ni labarin wani farin gari da suke haɗawa, wai silika, dangin yashi. Ta ce sukan narka wani irin sabulu a ruwa, ya dunƙule kamar siraran sanduna, silikar ta daskare a jikinsu. Sai a ƙone sabulun, ya bar ramukan da ido ba ya gani. In an sauya sabulu, sai faɗin ramin ya sauya.

Na ce, "To malama, garin naki na tuwo ne ko na kunu?"

Ta ce, "Yi dariyarka, Baba. Ƙaiƙayinka shi ne sabuluna. Ka toshe wa randa hanyar gumi, ta ina za ta yi sanyi?"

Na daka mata tsawa, Allah ya yafe mini. Sai da ta koma jami'a na tankaɗe ƙaiƙayin dawa, na cuɗa, na gasa. Ƙaiƙayi mai kaushi ya sa randa yoyo, da mai laushi kuwa raɓa kawai take yi.

Ranar kasuwa wani dattijo ya kurɓi ruwan sabbin randunana, ya dafe kunci, ya ce, "Wallahi har haƙori!" Kafin la'asar duk an kwashe, sai guda da na ɓoye wa malamata.